Bel ɗin da Na Rina a Karofi

Roni, ranar Laraba.

Zuwa ga ɗana Sani,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka ka sauka Kaduna lafiya, Ya tsare ka a hanya da masauki, Ya haɗa ka da mutanen kirki a masaƙar da za ka kama aiki. Na ba mahaifiyarka ta sa maka ita a ƙasan akwati, don ba na so ka karanta ta a gabana. Abin da ke ciki na yi shekaru ina neman bakin faɗa maka, ban samu ba.

Abin da ya zaunar da ni rubutu shi ne abin da na gani a tashar Kazaure ranar da ka je tambayar motar Kaduna. Ba ka san ina wurin ba, ina zaune a bencin mai gyaran keke. Ɗan kamashon nan ya cakumi wuyan rigarka a kan maganar wurin zama. Na ga ka ja ƙafar hagu baya, ka buɗe hannun dama, yatsu a haɗe, ka ɗaga shi daidai maƙogwaronsa. Allah Ya kawo direba ya shiga tsakani. Na san hannun nan, Sani. Ba daga malaman kareti ya fito ba, daga kaina ya fito. Ka ce idan ka je can za ka shiga wurin 'yan kareti ka ƙara ilimi, to dole ka san abin da kake ɗauke da shi kafin ka je.

Bayan an gama yaƙin basasa aka bar mu a bariki a Kaduna, babu aikin kirki sai fareti da gadi. Akwai wani Saje Yakubu, mutum gajere marar yawan magana, wanda ya koyi kareti a Legas a hannun wani baƙo daga ƙasar da abin ya fito. Shi ya riƙa tara mu a bayan ɗakin ajiyar kaya bayan la'asar. Ni a lokacin kofur ne, ƙarfi na damuna, abin da nake so kawai a haɗa ni da wani in kayar da shi. Shi kuwa Saje kata ya ɗora mu a kai. Ka san kata, jerin taku da kariya da bugu da mutum yake yi shi kaɗai, kamar yana tsakiyar abokan gaba da ba a gani. Wata shida muna kan ta farko. Ni dai a ganina rawa ce. Nakan yi ta da gudu don in gama in huta.

Wata rana ya tsayar da ni a tsakiya, hannuna ɗaya a miƙe, ɗaya a ƙugu.

Ya ce, "Kofur Haruna, wa kake duka?"

Na ce, "Iska, Saje."

Ya ce, "Na gani. Wannan hannun da ka mayar ƙugu fa, me ya je yi?"

Na ce, "Hutawa, kafin a sake jefa shi."

Bai yi dariya ba. Ya ce in kawo masa naushi. Na kawo da gaske, don ina jin haushinsa. Ban ga yadda aka yi ba, sai na ji ya riƙe mini wuyan hannu, ya mayar da nasa hannun ƙugu kamar yadda muke yi kullum, na tafi gaba ɗaya na faɗi a kan gwiwa, fuskata daf da dunƙulensa. Ya ce, "Ba hutawa yake zuwa yi ba. Mutum yake jawowa. Babu motsi ɗaya a cikin kata da aka sa don ado. Wanda ba ka san ma'anarsa ba, ka tambaya."

Ka ga kuskurena na farko, ban tambaya ba. Kunya ta hana ni, don an kayar da ni a gaban na ƙasa da ni. Na ci gaba da haddace motsi, jikina ya iya, kaina bai san komai ba. Kai idan ka sami malami, ka zama mai tambaya har ya gaji da kai. Ka ce masa, wannan hannun ina za shi, me abokin gaba ya yi da na juya nan, me ya sa aka fara da kariya ba bugu ba. Idan an yi maka dariya ka bar su su yi. Kuma kada ka yi kata da sauri don a ce ka iya. Ka yi ta a hankali har ka riƙa ganin mutumin da ke gabanka, ka san inda ya riƙe ka.

Da aka zo rage sojoji, sunana ya fito. Lokacin ina da bel mai ruwan ƙasa, wato ɗamarar matakin da ke ƙasa da baƙi, na san kata huɗu, ta biyar kuma na kai rabinta. Ranar da na je sallama, Saje ya raka ni har bakin ƙofar bariki. Ya ce, "Ka ci gaba da yi don lafiyar jikinka. Amma kada ka koya wa kowa. Ba ka kai ba." Na ce to.

Na dawo gida na tarar da gari ya canja. Kuɗin mai ya shigo, ana zuba kwalta, samari sun sayi babur da rediyo, kowane ƙarshen mako suna Kano kallon finafinan faɗa a silima, su dawo suna tsalle suna ihu a bakin kasuwa. Na sami aikin tuƙa motar ofishin gona, ina kai taki ƙauyuka. Da labari ya bazu cewa tsohon soja ya iya kareti, sai samari suka fara zuwa ƙofar gida suna durƙusawa suna cewa Malam. Ni da ba a taɓa ce mini Malam ba, abin ya shige ni. Amma a silima sun ga baƙin bel ne, shi suke tambaya.

Ga abin da ba ka sani ba. Bel ɗin da ka tashi kana ganin na ɗaura, wanda kake shafawa kana yaro idan na rataye shi, babu malamin da ya ba ni. Na ɗauki mai ruwan ƙasan nan na kai karofi a Kazaure. Marinin ya juya shi ya ce, "Wannan igiyar ta mece ce?" Na ce ta ɗaure kaya ce. Ya tsoma shi a baba sau da yawa har ya yi baƙi. Da shi na tsaya a filin makarantar firamare ta nan Roni na fara koyarwa, kai ma kana cikin sahun baya, kana ɗan shekara goma sha ɗaya.

Kada ka taɓa ɗaura abin da ba a ɗaura maka ba, Sani. Ba a kareti kaɗai ba, har a masaƙar. Idan an ce ka iya injin kaza, ba ka iya ba, ka ce ban iya ba. Daga ranar da na ɗaura bel ɗin nan kalmar ban sani ba ta fita daga bakina, don mai baƙin bel ba ya rasa amsa. Wannan ne ya jawo duk abin da ya biyo baya.

A cikin ɗalibaina akwai Isiyaku, tela ne daga Gwiwa. Za ka tuna shi, dogo, mai saka hula a karkace. A keke yake zuwa sau uku a mako, ko ana ruwa. Bai daɗe da aure ba, mutum ne mai sanyi, ban taɓa jin ya zagi kowa ba. Ya fi kowa ƙwazo, kuma shi mai tambaya ne, abin da ni na kasa zama. Da muka gama kata huɗu na shiga ta biyar, inda ilimina ya ƙare na cike da abin da na ga dama. Akwai wani wuri a cikinta da ake ja da ƙafar hagu, hannun dama ya buɗe ya tafi gaba, na hagu ya biyo a ƙasansa. Isiyaku ya tsaya ya ce, "Malam, wannan na mene ne?"

Ban sani ba. Saje bai kai ga nuna mana ba. Samari kusan ashirin sun zuba mini ido. Na ce, "Idan mutum ya kama maka wuyan riga, maƙogwaronsa za ka soka. Sau ɗaya, magana ta ƙare." Suka yi ta jinjina kai. Na ji daɗin yadda suka kalle ni. Na kafa turke a filin, na naɗe shi da igiya, na sa su suna sukarsa da yatsu kullum har hannuwansu suka yi kanta. Nakan kama musu riga ba zato don in ga wanda hannunsa zai fi saurin tashi. Na Isiyaku ne kullum.

Ranar kasuwar Babura abin ya faru, bayan an ɗauke amfanin gona. Na sauke taki, na ajiye mota kusa da inda mata ke sayar da nono. Sai ga Isiyaku ya zo sayen yadi, yana tura kekensa cikin cunkoso. Ƙafar keken ta bugi ƙwaryar wata Bafulatana, nono ya malale a ƙasa. Mijinta yana tsaye a gefe, wani magidanci mai suna Ja'e, ya kai shekara hamsin. Ya ajiye sandarsa a ƙasa, ka lura, ajiye ta ya yi, ya kama wuyan rigar Isiyaku da hannu ɗaya yana cewa, "Tsaya mana, ba ka ga abin da ka yi ba?" Tsayar da shi kawai yake son yi.

Taku goma ne tsakanina da su. Na ga ƙafar hagu ta ja baya. Na buɗe baki zan kira sunansa, kafin sauti ya fito hannun ya riga ya tafi ya dawo.

Ja'e bai yi ƙara ba. Ya saki rigar, ya riƙe wuyansa da hannu biyu, ya zauna a ƙasa cikin nonon. Yana jan numfashi ba ya shiga, sai wani irin kakari, idanunsa sun firfito. Matarsa ta fasa ihu. Kafin ka ce me, samarin Fulani sun taso daga wajen karar shanu da sanduna, sun kewaye Isiyaku. Shi kuwa ko gudu bai yi ba, yana kallon hannunsa. Ya ɗago ya gan ni, ya ce, "Malam!" Sanda ta farko ta same shi a ka. Ba don 'yan sanda biyu da ke kusa sun kutsa sun kwanta a kansa ba, da a nan za a gama da shi.

Ni da wasu mutum biyu muka ɗauki Ja'e muka sa a bayan mota. A ɗakin shan magani na garin suka duba suka ce sai babban asibiti. Na kama hanyar Kazaure, matarsa ta ɗora kansa a cinyarta, ƙaninsa yana zaune kusa da ni da sanda tsakanin ƙafafu, bai san ni ne tushen abin ba. Duk ramin da na faɗa sai in ji kakarin nan ya tsaya, in riƙe nawa numfashin har ya dawo. Sau biyu ƙanin ya buga gilashin baya yana tambaya da Fillanci ko yana da rai. Leɓɓansa sun canja launi kafin mu isa. Likita ya huda masa wuya ya sa bututu. Ya rayu, amma muryarsa ba ta dawo ba.

Ina so ka san cewa Isiyaku bai yi niyyar komai ba. Bai ma yi tunani ba. Abin da ka maimaita wa jikinka sau dubu, ranar da aka taɓa ka shi zai fito, ba zai jira shawararka ba. Don haka ka lura da abin da kake cusa wa hannunka. Kuma ka sani yawancin waɗanda za su kama maka riga a duniya ba kashe ka za su yi ba. Mai jin haushi ne, ko mai neman a saurare shi, ko wanda ka ɓata wa ba ka lura ba. Ka ba da haƙuri, ka sauke hannuwanka ƙasa inda zai gan su. Idan an ce ka ji tsoro, ka yarda ka ji.

Kuskuren da ya fi ci mini rai a kotu na yi shi. Alƙali ya tambayi Isiyaku inda ya sami wannan bugu. Kansa a naɗe da bandeji, ya ce, "Malam Haruna ne ya koya mana, ya ce haka ake yi idan an kama wa mutum riga." Aka kira ni. Na tsaya, na tuna aikina, na tuna ku, na tuna 'yan uwan Ja'e da suka cika bakin ƙofa. Na ce, "Allah Ya gafarta malam, motsa jiki nake koya musu. Ban taɓa cewa a taɓa kowa ba." Isiyaku bai musa ba. Ya dube ni kawai, ya sunkuyar da kai. Aka ɗaure shi shekara biyu, matarsa ta haihu yana ciki. Da ya fito ya ɗauki keken ɗinkinsa da iyalinsa ya ƙetare iyaka ya koma Damagaram. Na sha aika masa gaisuwa ta hannun fatake, ba a taɓa kawo mini amsa ba. Idan wani ya shiga uku saboda maganarka, ka tsaya kusa da shi ka faɗi naka kason, ko me za a yi maka. Ni na tsira a ranar, amma har yau ba na iya bi ta gaban shagon da yake ɗinki a Gwiwa, sai in zagaya.

Na tuge turken, na sallami ɗalibai, na ce muku aiki ne ya yi mini yawa. Bayan wata uku na kasa zama, na hau mota na tafi Kaduna neman Saje. Na same shi ya yi ritaya, yana koyarwa a wani ɗaki a bayan gidansa. Na saka fararen kayana na ɗaura bel ɗin, don in nuna masa komai yadda yake. Ya kalli ƙuguna. Gumi ya daɗe yana fitar da rinin, ya bar shuɗin zobe a jikin rigar.

Ya ce, "Wa ya ba ka wannan?"

Na ce, "Marini, Saje."

Na ba shi labari tun daga farko, ban rage komai ba. Ya saurara har ƙarshe. Sannan ya miƙe ya ce, "Kama mini riga." Na kama. Ya ja ƙafar hagu baya, hannun damansa ya buɗe ya taho, na runtse ido. Sai na ji tafinsa ya sauka a kan gwiwar hannuna, na hagunsa ya danne yatsuna a ƙirjinsa, ya juya kaɗan. Na buɗe ido na gan ni ina fuskantar bango, babu inda ke mini ciwo, shi kuma yana bakin ƙofa.

Ya ce, "Ka ga abin da malamina ya nuna mini a wurin nan. Ka kuɓuta, ka tafi. Ba na ce babu abin da ke kisa a cikin kata ba, akwai. Shi ya sa ba a buɗe wa mutum su sai an ga ya iya riƙe fushinsa. Kai ko buɗe maka ba a yi ba, ka ƙirƙiro naka ka raba wa yaran mutane." Ya sa na maimaita wannan motsi ɗaya har rana ta faɗi. Bai ƙara mini komai a kai ba, ni ma ban roƙa ba. Na ji labari yanzu ya koma garinsu, amma ɗalibansa suna nan a Kaduna suna koyarwa, ka tambaya za a nuna maka.

Daga can ban zo gida ba, na wuce rugar su Ja'e, tana yamma da Gwiwa. Da suka ji ko ni wane ne, ƙaninsa ya miƙe ya ɗauki sanda. Ja'e ya ɗaga masa hannu, ƙanin ya koma ya zauna. Na durƙusa na ce, "Baffa, yaron da ya buge ka ni na koya masa. Abin da na faɗa a kotu ƙarya ne." Ya yafito ni, don ba a jin maganarsa sai an kai kunne bakinsa. Ya ce, "Shanuna ba sa amsa mini yanzu. Sai 'ya'yana sun kira su." Ya huta, ya sake jan numfashi ya ce, "Yaron na yafe masa tun a asibiti. Kai kuma, mutum nawa ka koya wa?" Na ce sun kusa ashirin. Ya ce, "To me kake yi a nan? Je ka bi su."

Na bi su, Sani, ɗaya bayan ɗaya. Wani a gona na same shi, wani a Achilafiya ya zama malamin makaranta, wani sai da na je Kano. Kowanne na gaya masa bel ɗina rini ne, na ce ya kama mini riga, na nuna masa abin da Saje ya nuna mini. Wasu sun yi mini dariya, ɗaya ya tofar da yawu a gabana, na shanye. Ban da Isiyaku, mutum ɗaya ne na kasa tsayawa a gabansa, kai ne. Kullum da safe ina jin takunka a bayan gida kana yin kata, ina leƙe ta katanga ina ganin hannun nan yana tashi, in ce gobe zan yi masa magana. Na iya jure kowa ya raina ni, ban da kai. Saboda son girmana a idonka na bar ka da abin da zai iya kai ka kurkuku. Ka yafe mini.

Yanzu ga abin da nake roƙo. Ranar da ka je wurin malami, ka gaya masa gaskiya, ka ce wanda ya fara koya maka bai ƙware ba, a mayar da kai farko. Kata ta biyar ka ajiye ta gaba ɗaya, daga rabinta zuwa ƙarshe babu gaskiya a ciki. Zai yi maka wuya ka tsaya sahu ɗaya da sababbi bayan shekarun da ka yi, amma ka daure. Kada ka nuna wa abokan aikinka ka iya komai, don da sun sani za a fara neman gwada ka.

Idan Allah Ya dawo da kai hutu kuma ka riga ka koye ta daidai, ina so ka koya mini. Jikina bai mutu ba tukuna. Mu fita bayan gida da safe, ka tsaya a gaba, ni in tsaya a bayanka. Inda na yi kuskure ka tsayar da ni ka gyara, kada ka ji nauyina.

Mahaifiyarka da ƙannenka suna gaishe ka. Ka riƙe salla a kan lokaci. Allah Ya tsare ka daga sharrin mutane, Ya tsare mutane daga hannunka, Ya ba ka malami na gaskiya, Ya dawo mana da kai lafiya. Allah Ya yi maka albarka.

Wassalam.

Mahaifinka,
Haruna.